Na Je Kano da Suna Ɗaya, Na Dawo da Wani

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a fadarmu sai ya ce, "Mushe, yaya Najeriya?" In na fara, wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Na gaji. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta da kansa, wanda bai iya ba ya nemi ɗansa.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni daga Dakoro, domin ba yawon buɗe ido na je ba. Ni malamin Faransanci ne a wani koleji a nan garin, shi ya sa ake ce mini Mushe. Bara wani abokina ya aiko mini da kwali guda na wani littafin matasa, irin labaran nan na duniyar da ta lalace. A cikinsa gari ɗaya ne ya rage bayan yaƙi da fari. Duk yaron da ya kai shekara sha biyar, hukuma za ta ba shi kati mai ɗauke da sunansa da sana'arsa da unguwar da zai zauna. Abin da katin ya ce, shi ne kai. Wanda ba shi da kati, ko yana tsaye a gabanka ba a gaishe shi, ba a sayar masa da ruwa. Sai wata yarinya ta jefa nata katin a rijiya, labari ya tashi daga nan.

Muka riƙa karanta shi ranar Laraba da la'asar da ƴan ajin ƙarshe. Yaran da ko da bulala ba sa buɗe littafi suka koma rigimar wa zai tafi da shi gida. Na fara jin kaina wani babban malami. Sai wata Litinin aka zo kiran suna, aka ce "Hadizatu Musa", shiru, alhali ga ta zaune a layin gaba. Aka sake kira. Ta miƙe ta ce ita Tsahara ce, haka uwarta take kiranta, Hadizatu ta takarda ce, a je a nemo ta. Kafin a tashi, ajin ya kama. Wannan ya ce sunan baffansa aka rubuta masa, wancan ya ce an rage masa shekara biyu don ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ba zai amsa ba sai an mayar masa da su.

Darakta ya kwashe littattafan ya kulle a kabad ɗinsa, ya kira ni ofis.

"Mushe Lawali, ka tada mani bori cikin lakwal. Littahin ga ba shi hita sai na ga takarda."

Na ce masa akwai taron malamai a Kano kan yadda ake koyar da irin waɗannan littattafai, an gayyaci har mutanen Nijar.

"To tahi. Ka kawo mani shaida mai hatimi, da sunanka bisa, in nuna ma na sama in sun tambaya. In babu, gara ta ci su, ba ruwana."

Abin da Darakta bai sani ba, ni ma Lawalin nan aro na yi. Lawali yayana ne, ɗan farin Inna. An haife shi a asibiti lokacin da Baba yake aikin gadi a Dakoro, shi ya sa ya samu takardar haihuwa. Baƙon dauro ya ɗauke shi yana ɗan shekara huɗu. Ni kuwa a bukkar gona aka haife ni, bayan Ɗan Gulbi, tsakiyar damina, aka ce mini Nomau, ba wanda ya bar noma ya tafi neman takarda. Da aka zo ɗaukar yara lakwal, Baba ya miƙa ta marigayi, ya nuna ni. Da ita na yi karatu, da ita na kama aiki, da ita za a sallame ni shekara uku kafin lokacina. Wanda yake son kai ni ƙara, ya fara duba tasa takardar tukuna.

Na shiga mota da sassafe a tashar Dakoro. An ce ta mutum goma sha tara ce, amma ban san da wane lissafi ba, tun da akwai tumaki huɗu a ƙarƙashin kujeru, ɗaya kuma ta ɗauki takalmina abinci. Kusa da ni wani dillalin dabbobi ne, Alhaji Ada, mutum mai faɗi, ya ci kujerarsa ya ci rabin tawa. Wajen Sabon Maci aka tsayar da mu duba takardu. Da aka dawo mini da katina, ya karɓe ba tare da ya tambaya ba, ya dubi shekarar, ya dube ni.

"Mushe, yi dariya in gani."

Na yi yaƙe don dole.

"Haƙoranka ba su kai katin ga ba. Da rago ne kai, da na ce mai kai ya yi mani ƙarya. Amma ƙarya ce a juye, shi ya ƙara maka shekaru, mutane ragewa su kai."

Mota ta kwashe da dariya. Na ce masa fura ce ta riƙe ni. Ya ce shi ma furar yake sha. Har muka isa Maraɗi yana satar kallon bakina, ni kuma na daina hamma.

Daga Maraɗi muka canza mota zuwa bakin iyaka. A can wani jami'i ya tattara katunanmu, ya zauna a inuwa yana dubawa ɗai-ɗai. Ya duba na farko, na biyu, na biyar, sai ya fara murmushi.

"Ku mutanen Nijar, wai ranar ɗaya ga Janairu ungozoma tana samun shan ruwa kuwa? Kowa ranar aka haife shi!"

Gaskiyarsa. Wanda duk aka yi wa takarda daga baya, ranar ake ba shi. Alhaji Ada ɗaya ga Janairu, direba ɗaya ga Janairu, wata tsohuwa da jikarta duk ɗaya ga Janairu. Da ya zo kan nawa ya ga rana sosai, da wata sosai, sai ya ɗaga shi sama.

"Yauwa! Ga mai gaskiya ɗaya a motar nan. Malam Lawali, wuce."

Na wuce da ranar haihuwar wani, ana yaba mini. Ban juya na dubi Alhaji Ada ba, amma na ji ya yi tari.

Hanyar Katsina zuwa Kano ba zan ce komai a kanta ba, don idona a rufe na yi ta. Direbobinmu suna gudu, amma suna tuna suna da iyali. Wannan ko waya yake amsawa da hannu ɗaya, yana cin gyaɗa da ɗayan. Da na ce ya sassauta, ya tambaye ni ko yau na fara shiga mota.

An sauke mu a wani masaukin baƙi, mutum biyu a ɗaki. Abokin ɗakina Malam Kabiru, malamin Turanci daga Zariya, mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Da ya ji daga Nijar nake, ya tambaye ni raƙumi nawa gare ni. Na ce babu. Ya ce to da me nake zuwa makaranta. Na ce da babur, irin nasa. Bai ji daɗi ba. Na ciro cuku na ba shi don ya huce, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a bango, ya tambaya ko ana jiƙawa ne. Shi kuma ya kai ni wajen mai shayi. Jama'a, abin da suke kira shayi, mu da shi za mu yi wa jinjiri wanka. Kofi ne kamar kwanon sha, madara fal, ruwa ɗumi-ɗumi, a haɗa ka da burodi mai zaƙi wanda in ka matsa shi sai ya koma kamar auduga. Na tambayi mai shayin ina na biyu da na uku, tun da namu zagaye uku ake shan shi. Ya ce in na biya zai ƙara. Gurasarsu dai na yarda da ita, da tsiren wani mutum a bakin titi, wanda in na ce ya fi namu ba zan iya shiga kasuwar Dakoro ba, don haka ban ce ba.

Mai jagorar taron wata malamar jami'a ce, Dakta Binta. Ta san aikinta, ba na raina ta. An ce da Hausa za a yi don mu baƙi, amma Hausar ta sha Turanci har ta ƙoshi. In ta yi jimla, sai na tsinci kalma uku in haɗa sauran da kaina. Irin littattafan ma akwai sunan da take kiransu da shi, mai tsawo, wanda har na dawo ban iya maimaita shi ba.

Ta ce amfanin waɗannan labarai shi ne suna ba yaro damar tunanin abin da bai faru ba, daga nesa, ba tare da ya ji ciwo ba. Ta ce yaro zai tambayi kansa, da a ce takarda ce take faɗa mini ko ni wane ne, yaya zan ji? Sannan ta ba mu dabarar aji: kowane ɗalibi ya kawo takardar haihuwarsa da hotonsa na jarirantaka, ya rubuta yadda aka yi bikin ranar haihuwarsa ta bara.

Na ɗaga hannu. Na ce a ajina in aka yi bikin ranar haihuwa, rana ɗaya za a yi a gama, kuma ranar ana hutu. Na ba su labarin Tsahara da kiran suna da kabad ɗin Darakta. Aka yi dariya, aka tafa. Dakta Binta ta cire tabarau, ta ce wannan abu ne mai muhimmanci ƙwarai, ko zan yarda ta sa shi a binciken da take rubutawa. Na ce ta sa. Wani daga baya ya ce ai Nijar ce, sai Malam Kabiru ya juya ya ce masa, "Kai da ka yi rantsuwar shekaru sau biyu a kotu, yi mana shiru." Tun daga nan na yafe masa raƙuman.

Da rana ta raba mana ƴan kwalaye da allurar maƙalawa. Ta ce wannan ma dabarar aji ce. Kowa ya manta da katinsa, ya rubuta sunan da yake ji a zuciyarsa shi ne shi, ya maƙala a ƙirji har a gama taro. Malam Kabiru ya rubuta Zaki. Wata malama ta rubuta Tauraruwa. Wani mai tumbi ya rubuta Guguwa, wanda kujera ma da kyar yake tashi daga kanta. Ni na riƙe biro na daɗe. Wasa suke yi, na sani. Na rubuta Nomau Abdu. Shekara talatin da wani abu ina rubutu, na cika allo na cika kaye, littafin rubutu, ban taɓa rubuta wannan suna ba sai ranar. Na dube shi na ga ashe gajere ne.

Kwana uku ana ce mini Malam Nomau. A wajen cin abinci, a masallaci, a bakin famfo. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin wanda ban san ina nema ba. Har Faransancin da nake taƙama da shi na ajiye, na riƙa surutu kamar ina tsakar gidanmu.

Sauran taron an yi abin da ake yi a taro. An raba mu rukuni-rukuni, an ba mu manyan takardu mun zana gari mai ganuwa. An yi gardama awa guda kan ko ya dace yarinyar ta jefa kati a rijiya, tun da mutane suna shan ruwan. Wuta ta ɗauke sau da yawa, janareto ya karɓa, shi ma ya gaji. A nan ne na'urar sakatariyar taron ta mutu da jerin sunayenmu a ciki. Baiwar Allah ba ta gaya wa kowa ba, ta bi mu da takarda tana kwafe abin da ke ƙirjinmu. Da ta zo kan Zaki da Guguwa ta gane wasa ne, ta tambaye su na gaskiya. Da ta zo kaina ta ga suna kamar na mutane, har da na uba, ta rubuta ta wuce.

Ranar rufewa aka fara kira ana miƙa satifiket, kamar yadda suke ce wa takardar shaida. Sai na ji an ce, "Malam Nomau Abdu, daga Jamhuriyar Nijar!" Na miƙe, na taka, na karɓa da hannu biyu, aka ɗauki hoto. Ga hatimi ja, ga sa hannu, ga suna da manyan baƙaƙe. Sakatariya ta ɗauki lasifika ta ce duk wanda aka yi wa kuskure ya zo yanzu kafin a naɗe firinta. Mutum huɗu suka tashi. Na tuna Darakta, na tuna kabad, na tuna yaran. Na san sarai abin da ya kamata in yi. Na sa takardar a jaka na ja zif, na zauna a kanta kamar kaza. Kada wani ya ɗora wa sakatariyar nan laifi, ni na ƙi tashi.

A hanyar dawowa jami'in bakin iyaka ya gane ni, ya ce, "A'a, mai gaskiya, an dawo?" Na ce an dawo.

Darakta ya karɓi takardar da fara'a, ya sa tabarau, ya shafa hatimin. Sai fara'ar ta tsaya.

"Wane ne Nomau?"

Na ce ni ne.

"Mushe Lawali, ni ba yaro ba ne. Cikin malaman da gwamnati ta ba ni babu Nomau. In na sama sun zo in ce masu mi? Wani baƙo ya tahi Kano, don haka na buɗe kabad?"

Na fara ba shi labarin bukkar gona. Ya ɗaga hannu da sauri, ya dubi ƙofa.

"Kada ka hwaɗa mani. In na ji, sai na rubuta. Ni ma ban so a tambaye ni tawa. Aika su gyara, ka kawo kahin ƙarshen wata."

Na rubuta wa Dakta Binta. Ta amsa nan take, ta ba da haƙuri, ta ce in turo sunan daidai su buga wata, ta farkon kuma za su soke ta a rajistarsu. Kalma biyu kawai ake nema. Na yi kwana tara ban tura ba. Kullum in na shiga aji Tsahara sai ta ce, "Mushe, littahin hwa?" In ce ana kan hanya. Na ji kunya, amma in na ɗauki wayar sai in ga kamar ni ne za a soke. Takarda ɗaya tak a duniya ta san da ni.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Ɗan Gulbi. Na tarar da Inna a inuwar zaure da hantsi tana ɓarar wake. Bayan gaisuwa na ciro takardar na karanta mata, na juya mata da Hausa. Na zaci za ta yi guɗa. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta riƙe ta a juye, ta taɓa hatimin da yatsa.

"Nomau aka sa?"

"Nomau, Inna."

"Madalla. Ta yi kyau." Ta ci gaba da kallonta. "To yayanka bai tahi ba ke nan?"

Ban gane ba. Na ce wane yayan.

"Yaron nan," in ji ta. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne. "Da shina da rai kunya ta hana ni hwaɗi. Da ya tahi kuma kowa ya bar hwaɗi don kada in ji. Sai shekarar da kuka ci jarrabawa, aka kira sunaye a rediyo. Ina daka na ji an kira shi, da sunan ubanshi, duk ƙasa tana ji. Na aje taɓarya na shiga ɗaki."

Na ce ai ni aka kira.

"Na sani, ba ni da hauka. Kai ina ganinka, ina kiranka, kana amsawa. Shi ko shekara huɗu ya yi, ko kasuwa bai taɓa zuwa ba. Kai ka kai shi lakwal. Ka kai shi Maraɗi, ka kai shi Yamai, yara na tashi tsaye in ya shiga aji. In an ce Mushe Lawali ya gaishe ki, sai in ce ina amsawa, su duka biyu." Ta miƙo mini takardar. "Kanon ce ka ga ba ka iya kai shi?"

Na karɓi takardar. Ta ja kwaryar waken ta ci gaba da ɓara, ta tambaye ni ko zan sha fura.

A garinmu waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan makabarta. Na hau da rana tsaka, na tsaya har sandar sabis ɗaya ta fito. Na rubuta wa Dakta Binta sunan harafi-harafi, da rubutun Faransanci yadda yake a katin, don kada a sake kuskure. Na tura. Na daɗe a tsaye a wurin, ba don wayar ba.

Sabuwar takardar ta iso ta hannun wani direba. Ranar Laraba Darakta ya buɗe kabad da kansa, gara ta taɓa uku, sauran lafiya. Yaran suna tsaye a bakin ofis suna jira, Tsahara a gaba ta riga ta miƙo hannu. Ya ɗora mini kwalin, ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya don su ji.

"Sannu da hanya, Mushe Lawali."

Na amsa.